Karatun Biyar-Biyar a Bakin Kogin Misisifi

Duk baƙon da ya sauka a birnin St. Louis, abin da masu masaukinsa ke fara kai shi ya gani shi ne ƙaton bakan ƙarfen nan da ke tsaye a bakin kogin Misisifi, mai tsayin mita 192, wanda aka kammala a 1965. Ni ma an kai ni, na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana 'yan taku kaɗan daga nan: tsohuwar kotu mai ƙubba, inda a 1846 wani bawa mai suna Dred Scott da matarsa Harriet suka shigar da ƙara suna neman 'yancinsu. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa har 1857, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, balle ya kai ƙara gabanta. A matakalar wannan kotu an sha yin gwanjon bayi idan ubangijinsu ya mutu ana rabon gado. Ga kuma jihar Ilinoyi can ƙetare ana hangenta, wadda tun a wancan zamani ba ta cikin jihohin bauta. Ruwa ne kawai tsakaninta da Mizuri, jihar da St. Louis take.

Ziyarar makarantu ce ta kawo ni, don in ga yadda ake koyar da adabi. Aka haɗa ni da wata malamar Turanci a wata sakandaren gwamnati da ke gefen birnin, dattijuwa mai gajeriyar furfura da saurin tafiya. Ɗalibanta 'yan aji 11 ne, masu shekara 16 zuwa 17, ajin da aka saba karanta adabin Amurka a cikinsa. Kaka ce, ganyaye sun yi ja sun yi rawaya suna zuba, sanyi ya fara cizo da safe. Littafin da ke hannunsu shi ne Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Ingila a ƙarshen 1884, a Amurka kuma a farkon 1885.

Da na shiga ajin ban ga layuka ba. An tura tebura an haɗa su gungu-gungu, kowane gungu da yara biyar ko huɗu, fuska na kallon fuska. Teburin malama yana can kusurwa, an jibga masa takardu, da alama ba a cika zama a kansa ba. Ta ce mini: "Malam, zaɓi inda ka ga dama ka zauna. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka ba su amsa. Ni ma ba na ba su."

Tsarin ba nata ba ne. Wani malami daga Shikago mai suna Harvey Daniels ne ya yaɗa shi da littafin da ya wallafa a 1994 kan da'irorin karatun adabi. A asalinsa, kowace da'ira ita ke zaɓen littafin da take so; a nan kuwa manhaja ta tsayar da littafi ɗaya ga kowa, sai dai sauran abubuwa suna hannun yara. Su ke raba babi 43 na littafin a kan kalanda, su yanke inda za a kai kafin kowane zama. Karatu a gida ake yi, aji na hira ne. Kowa kuma da aikin da ya ɗauka, ana juyawa duk zama: wani ya zo da tambayoyin da ba a amsa su da i ko a'a, wani ya tsamo wuraren da ya kamata a sake karantawa, wani ya nemo inda labarin ya taɓa rayuwar yau, wani ya bi kalmomi masu wuya, wani kuma ya riƙe taswira yana bin tafiyar. Littattafansu duk sun yi gashi da 'yan takardu masu manne, kowace da tambaya ko ƙorafi a rubuce.

Ga wanda bai karanta ba, labarin yaro ne ɗan talaka, Huck, wanda ya gudu daga hannun ubansa mashayi, ya haɗu a wani tsibiri da Jim, bawan wata tsohuwa mai suna Miss Watson. Jim ya gudu ne saboda ya ji za a sayar da shi dala 800 a kai shi New Orleans, ya rabu da matarsa da 'ya'yansa har abada. Su biyun suka hau wasu gungume da aka ɗaure jere suka zama dandamali a kan ruwa, suna tafiya da dare, suna ɓuya da rana.

Da'irar da na zauna cikinta ta kai babi na 15 da na 16 a ranar. Mai taswira, wani dogon yaro da ke wasa da fensir, shi ya tayar da magana. Ya ce shi fa bai gane ba: ga Ilinoyi nan a ƙetare, me ya hana Jim ya haye ya huta? Me ya kai mai gudun bauta ya nufi kudu, inda bautar ta fi tsanani? Wata yarinya mai tabarau ta buɗe littafinta baya, ta nuna masa cewa niyyar Jim ta farko ke nan, ya bi ruwa ya yi nisa sannan ya yi iyo zuwa wancan gefe. Wani ya tuna musu an sa ladan dala 300 ga wanda ya kamo shi. Suka yi ta juya maganar, har aka ɗaga wa malama hannu. Ta zo, ta tsaya minti ɗaya, ta gaya musu abin da ba ya cikin littafin: a Ilinoyi ta wancan lokaci, baƙar fatar da ba shi da takardar shaidar 'yanci ana iya kama shi a tsare, kuma masu farautar bayi suna sintiri a gaɓar. Shi ya sa dabarar ita ce a gangara har garin Cairo (ba Alƙahirar Masar ba, wani ɗan gari ne a ƙarshen Ilinoyi), inda kogin Ohayo ya haɗu da Misisifi, a shiga jirgi mai tururi a yi arewa. Ta wuce abinta. Mai taswira ya sa ɗigo a kan Cairo, ya ja layi ya zarce shi, domin a cikin hazo su Huck suka wuce garin ba su sani ba. Ya ce: "Ke nan daga nan duk tafiyar asara ce." Ba wanda ya koya masa wannan. Kuma a kusa da wannan wuri ne shi kansa Twain ya cije, ya ajiye rubutun da ya fara a 1876, bai ƙarasa shi ba sai 1883.

Abin da na fara lura da shi shi ne babu maɓuya. A babban aji, yaro zai iya shafe zango guda bai buɗe baki ba, yana fakewa bayan masu ɗaga hannu. A nan kuwa kamar cin tuwo ne a akushi ɗaya: kowa na ganin hannun kowa, wanda bai sa ba an sani. Wata safiya wani yaro ya zo bai yi karatu ba, ya ɗauko taƙaitawa daga intanet yana ta zuba. Tambaya biyu 'yan'uwansa suka yi masa asirinsa ya tonu, kuma kunyar da ya ji a gabansu ta fi duk makin da malama za ta rage masa.

Ba komai ne ya burge ni ba. Akwai da'irar da takardun aiki suka zame mata sarƙa: kowa ya karanta abin da ya rubuto, a bi da bi, a gama cikin minti goma, a koma hirar ƙwallo. Shi Daniels ɗin ma daga baya ya yi gargaɗi kan wannan, ya ce takardun na farawa ne kawai. Malamar takan janye su bayan mako biyu, ta bar yara da 'yan takardunsu masu manne. Sannan harshen littafin kansa dutse ne. Twain ya yi shelar cewa ya yi amfani da karin harshe iri bakwai, kuma maganar Jim an rubuta ta ne yadda take fita a baki, har 'ya'yan Amurkan ma sai sun saurari wanda aka naɗa a waya kafin su kama zaren.

Sai babbar magana. Akwai wata kalmar cin mutunci da ake jifan baƙar fata da ita a Amurka, wadda ta zo a littafin sau 219. Tarihin ƙorafi kan littafin ya tsufa, amma ba da wannan ya fara ba. A 1885 ɗakin karatun garin Concord na jihar Masachuset ya kore shi ne saboda wai harshensa na 'yan tasha ne, zai ɓata tarbiyya. Sai a 1957 hukumar ilimi ta birnin New York ta cire shi daga jerin littattafan ƙananan makarantu, daga nan maganar launin fata ta shigo gaba. A 2011 wani masanin Twain, Alan Gribben, ya fitar da bugun da ya maye kalmar da "bawa", aka yi masa ca. A 2018 makarantun Duluth a Minesota suka cire littafin daga karatun dole. Malamar da na ziyarta tana amfani da bugun asali, amma kafin a buɗe shafin farko sai an aika wa iyaye wasiƙa, an karanta wani yanki na tarihin rayuwar Frederick Douglass na 1845 don a ji bauta daga bakin wanda ya ɗanɗana ta, sannan kowace da'ira ta rubuta yarjejeniya. A ajin nan ba mai furta kalmar, ko da karatu yake yi. Ta kuma gaya mini cewa ba ta barin baƙar fata shi kaɗai a da'ira sai in shi ya nema, kuma ba ta yarda a mai da shi kakakin jinsinsa. A ganina nan ne ƙaramar da'ira ta fi amfani. Na ji wata baƙar yarinya mai kitso ta gaya wa abokan zamanta huɗu, da murya ƙasa-ƙasa, cewa duk lokacin da idonta ya faɗa kan kalmar sai ta ji kamar ana kallonta. Da wuya ta faɗi haka a gaban aji guda.

A ƙarshen mako wani abokin aikin malamar ya ɗauke ni a mota zuwa Hannibal, garin da Samuel Clemens, wanda duniya ta sani da Mark Twain, ya girma. Tafiyar awa biyu ce zuwa arewa a kan babbar hanya mai lamba 61, gonakin masara da waken suya hagu da dama, an girbe wasu, injuna na cikin wasu. Garin ƙarami ne, mutanensa wajen 17,000, yana kwance tsakanin tuddai biyu, da katangar tare ambaliya wadda aka gama dab da babbar ambaliyar 1993. An haifi Clemens a 1835 a wani ƙauye mai suna Florida, iyayensa suka dawo nan a 1839, ya bar garin a 1853 bayan ya koyi aikin maɗaba'a, daga baya ya zama matuƙin jirgin ruwa har yaƙin basasa na 1861 ya tsayar da zirga-zirga.

Hannibal da sunan Twain take cin abinci. Otal, wurin cin abinci, kogo, jirgin yawon shaƙatawa, gada, duk sunansa. Gidan da ya tashi yana kan titin Hill, ɗan farin gida na katako mai bene, an buɗe shi ga masu ziyara tun 1912. A gefensa ga shingen katako da bokiti da buroshi, kowa na ɗaukar hoto yana kwaikwayon Tom Sawyer, yaron wani littafin na Twain, wanda ya yaudari abokansa suka yi masa shafen farar ƙasa. Duk shekara a farkon Yuli ana gasar shafen shinge da ta tsallen kwaɗi, ana kuma zaɓen yaro da yarinya su zama Tom da ƙawarsa Becky na shekara. A gindin tudun Cardiff akwai gunkin Tom da Huck tun 1926. Jim ba ya ciki.

Shekara da shekaru haka garin ya karanta marubucinsa: ƙuruciya, ƙiriniya, kamun kifi. Alhali gidan Clemens sun mallaki baiwa mai suna Jennie, kuma mahaifinsa, John Marshall Clemens, yana cikin masu taya alƙali yanke hukunci a garin Palmyra a 1841, lokacin da aka ɗaure wasu mutum uku shekara 12 saboda sun ƙetaro daga Ilinoyi don su taimaki bayi su gudu. Twain da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa yana yaro bai ga aibin bauta ba, tunda a coci ma cewa ake Allah ya yarda da ita, kuma bai manta da wasu bayi da ya gani ɗaure da sarƙa a bakin hanya suna jiran jirgin kudu ba. Wani lauya mazaunin garin, Terrell Dempsey, ya tono wannan tarihi a littafinsa na 2003. A 2013 kuma wata 'yar garin, Faye Dant, ta buɗe ƙaramin gidan tarihi mai suna Jim's Journey a wani tsohon ginin dutse, 'yan taku daga wurin masu shafen shinge. Ɗaki ne ƙarami, cike da hotuna da takardu na baƙaƙen Hannibal, da labarin Daniel Quarles, bawan da Twain ya sani a gonar mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa, wanda daga gare shi ya ɗebi da yawa daga halin Jim. Na daɗe a ɗakin. Mutanen da na tarar a ciki ba su kai kashi ɗaya cikin goma na masu layin hoto ba.

Da yamma muka hau tudu muka kalli kogin. Faɗi gare shi, ruwan ƙasa-ƙasa, yana tafiya a hankali, jirgin tura kaya na tura kwale-kwalen hatsi masu tsawo. Ga tsibirai masu duhun itatuwa a tsakiya. In ka tsaya a nan ka gane tambayar mai taswira da jikinka: Ilinoyi kusa take ƙwarai.

Da na koma makaranta an yi nisa. An wuce gabar gidaje biyu da ke kashe juna ba su ma tuna dalili ba, an shiga zamanin 'yan damfara biyu da ke kiran kansu sarki da basarake. A da'irarmu akwai wani yaro mai jiki, ɗan wasan ƙwallon makaranta, wanda ba ya son magana. Ranar da aikin tsamo wurare ya faɗo kansa, ya zaɓi ƙarshen babi na 23, inda Jim ke ba da labarin yadda ya mari ƙaramar 'yarsa don ta ƙi rufe ƙofa, bai san zazzaɓi ya kurmantar da ita ba. Ya ce shi a nan ne kawai ya ji Jim uba ne, ya kuma tambaya me ya sa a littafi mai kauri haka wuri irin wannan bai wuce shafi ɗaya ba. Yarinya mai kitso ta ce saboda Huck ne ke ba da labari, kuma Huck ba ya tambaya. Mai tabarau ta ce a'a, saboda Twain ne ke rubutu, kuma shi ya zaɓi Huck. Sun yi minti ashirin a kan wannan.

Babi na 31 shi ne wanda kowane malami ke jira. 'Yan damfara sun sayar da Jim dala 40. Huck ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa yana gaya mata inda bawanta yake, domin tarbiyyar da aka yi masa ta ce taimakon bawa ya gudu sata ce, mai yi kuma ɗan wuta ne. Sai ya tuna zamansu a kan ruwa, ya yage wasiƙar, ya zaɓi wutar. Na zaci yaran za su yi ta yabo. Sun yaba, amma mai kitso ta ƙi sakin wuri ɗaya: Huck bai taɓa cewa bauta zalunci ce ba, har yanzu gani yake shi ne mai laifi, Jim kaɗai ya cire daga lissafi saboda abokinsa ne. Mai taswira ya ce ai nan ne gwanintar take, mai karatu ya ga abin da yaron bai gani ba. Ta ce gwaninta ce ga wanda ba kakansa ake magana a kai ba. Aka yi shiru, sannan aka ci gaba, ba wanda ya tashi.

Ƙarshen littafin kuwa ya haɗa kansu a fushi. Tom Sawyer ya bayyana, ya mai da kuɓutar da Jim wasan yara, da macizai da ɓeraye da haƙa rami, babi bayan babi, alhali ya san Miss Watson ta mutu wata biyu da suka wuce ta kuma 'yanta Jim a wasiyyarta. Ernest Hemingway, wanda a 1935 ya ce daga wannan littafi adabin Amurka na zamani ya fito, shi ma ya ba da shawarar a tsaya kafin a kai nan. A wannan karo malama ta tara ajin gaba ɗaya, kowace da'ira ta kawo hukuncinta. Wasu suka ce marubuci ne ya rasa mafita. Wata da'ira ta ce da gangan ne: an rubuta ƙarshen littafin ne bayan 1877, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga jihohin kudu, aka shiga wasa da 'yancin mutanen da doka ta riga ta 'yanta. Ni na fi karkata ga na biyun, ko da yake ina ganin Twain ya ji daɗin barkwancin fiye da yadda dalilin zai iya ɗauka. Malamar ba ta raba gardama ba. Ta ɗaga littafin James na Percival Everett, na 2024, wanda ya sake ba da labarin daga bakin Jim, ya kuma ci kyautar Pulitzer a 2025, ta ce akwai kwafi a ɗakin karatu ga mai so.

Zaman da'ira ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure, sai dai a zaure malam ne ke fassara, almajiri na bi. Ina cikin wannan tunani mai kitso ta juyo gare ni. "Malam, ku a can kuna da littafi a kan bauta?"

Na ce akwai, 'yata. Na ba su labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta don gasar ƙagaggun labarai ta 1933 tun yana malamin makaranta, kafin ya zama Firayim Minista: yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita har Tarabulus. Na gaya musu shi ma malami ne ke ba ɗalibansa labarin suna zaune kewaye da shi, kuma Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Ta tambaya ko akwai wanda ya yage wasiƙa a ciki. Na ce littafin ya nuna raɗaɗin sosai, musamman na uwar, amma a matsayin ƙaddara yake kallonsa. Ba wanda ya tsaya ya tuhumi cinikin kansa. Mai tabarau ta so ta san su wa ke sayarwa. Na ce mu ne, da Larabawa masu saye, kuma sai a 1936 aka kammala haramta bauta a Arewacin Nijeriya.

Mai taswira ya turo mini fensirinsa. "To Malam, zama na gaba kai ne mai taswira."

A masauki da daddare na shimfiɗa takarda na ja hanyoyi biyu: ta Kano zuwa Damagaram, Agadas, Gat, Gadamas har Tarabulus, da ta Barno wadda ta bi ta Bilma da Murzuk. Na auna ta farkon da ma'aunin taswira don in ba su abin kwatance, na tarar ta ninka tafiyar su Huck daga Hannibal zuwa Cairo sau da yawa, kuma a ƙafa ake yin ta.